Ranar da Na Ɗauki Azumi Saboda Taraktar Kawu Idrisa

Ban taɓa mantawa da ranar da na ɗauki azumi saboda tarakta ba, kuma ko ni na manta, cikina ba zai manta ba. Ku da kuke koyon aiki a hannuna kun sha tambayata abin da ya sa, in muka je duba inji a gidan mutum, ba na ko kallon kofin shayi sai na taɓa ƙarfen tukuna. Na ji wasunku suna cewa Usta Sale ya tsufa, ya fara gudun abinci. Ni da abinci ba mu taɓa ɓatawa ba. Ga dai yadda abin ya samo asali, na rubuta muku don na gaji da maimaitawa.

'Yan shekaru ne kafin yaƙin nan ya watsa mu. Lokacin ina aiki a wata warsha ta gyaran injunan noma a unguwar masana'antu ta Omdurman, tsallaken kogi daga Khartum. Ga wanda bai san tsarin ba: akwai mai warsha, shi ke zaune a inuwa, sai usta, wato babban makaniki, shi ake zagi in aiki ya lalace, sai sauran makanikai da masu koyo. Ni ne usta. Cikin ayyukan usta har da raka mai saye ya duba tsohuwar tarakta, domin irinmu ba ma sayen sabuwa. Sabuwa sai dai mu gan ta a bayan gilashi mu yi mata salati mu wuce.

Mai sayen da ya wahalar da ni fiye da kowa a rayuwata ƙanin mahaifiyata ne, Kawu Idrisa. Tela ne, ya shafe rayuwarsa yana ɗinka jallabiya a kasuwar Suk al-Arabi ta Khartum, kullum daga unguwarsu Kalakla zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa Kalakla, har bayansa ya lanƙwashe daidai da kujerar keken ɗinki. A kambo aka haife shi, wato rukunin bukkokin 'yan ƙwadago na gonakin audugar Jazira. Mahaifinsa ya tsinci audugar mutane har ya mutu, bai mallaki ƙasar da za a shimfiɗa tabarma a kai ba. Wannan abu ya tsaya wa Kawu a rai. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya sayar da shago da kekunansa duka, ya sayi fili mai rijiya a yammacin Omdurman, ya zuba 'yan shanun madara. Abin da ya rage ya ƙulle shi domin tarakta.

Matsalar ita ce lokaci. Ciyawar barsim, wadda shanun madara ke rayuwa a kanta, da shigowar sanyi ake shuka ta. Filin Kawu kuwa tun da Allah ya halicce shi garma ba ta taɓa shigarsa ba. Masu ba da hayar tarakta sai sun gama da manyan manoma suke tuna ƙanana, lokacin shuka ya wuce. Shanu suna cin ciyawar saye, suna ramewa, aljihun Kawu yana ramewa tare da su. In ya rasa wannan sanyin, ko ya sayi tarakta mai ciwo, shanun za su bi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, filin ya bi bayansu. Shagon da zai koma kuwa babu.

Ya zo warsha da safe, rawani fari fes, ya tsaya nesa da baƙin mai.

"Sale, so nake ka zaɓa mini tarakta. Babba. Wadda in ta taho za a ji daga gadar Nilu."

"Kawu, filin naka in babbar tarakta ta shiga, kafin ta juya ta faɗa gonar maƙwabci. Matsakaiciya kake so. Ta ja garma, ta ja tirela, ta juya injin yankan ciyawa, ta kuma sha mai kamar mai azumi, ba kamar ni ba."

Na zaunar da shi na yi masa bayani kamar yadda nake yi muku. Na farko, irin da kayan gyaransa ke kowane shago, ba irin da in ƙusa ɗaya ta karye sai an jira jirgin ruwa ba. Na biyu, hannun ɗaga garma na baya ya ɗaga ya riƙe, kada ya riƙa saukowa a hankali kamar tsoho zai zauna. Na uku, wanda ya fi duka: a tayar da injin a gabanmu yana sanyi, bayan ya kwana bai yi aiki ba. Injin da ya yi zafi maƙaryaci ne. Ƙarfe ya kumbura, ɓaraka ta toshe, hayaƙi ya washe, sai ka ji yana waƙa. Mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. In yana da ciwo, a tashin farko za ka ji tarinsa, ka ga launin hayaƙinsa.

Kawu ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Sai mu riƙa zuwa da sassafe."

Haka na zata ni ma. Na manta a ƙasar da muke.

Gidan farko da dillali ya kai mu, mun isa rana ba ta ɗaga ba. Ina hango taraktar a bayan gida, na nufe ta, sai mai gida ya tare ni da hannu biyu. "Tafaddalu, tafaddalu, bismillah ku shigo! Wallahi ba za ku taka ko'ina ba sai kun sha shayi." Aka shigar da mu ɗakin baƙi. Ruwan sanyi, shayi da madara, gaisuwa tun daga kakanni. Kafin mu miƙe sai ga jabana, kofi mai citta. Kafin ƙoƙon kofi ya huce, lokacin fatur ya yi, wato karin kumallon hantsi da ba a wasa da shi a garin nan. Tire ya shigo, mutum biyu ke ɗauke da shi: ful, wato dafaffen wake, da man riɗi, ƙwai, cuku, burodi mai zafi. Ina cikin loma ta uku na ji daga bayan gida, gub-gub-gub, an tayar da inji. Na kalli Kawu, Kawu ya kalli ful. Da muka fito, injin ya yi zafin da za a soya ƙwai a kansa, yana waƙa kamar sabon ango.

Gida na biyu haka. Na uku haka. Mun ci fatur a Omdurman, mun ci a Khartum, mun tsallaka kogi mun ci, mun dawo mun ci. Na ci ful har na fara jin ƙanshinsa a guminna. Matata Hajara ta ƙara wa wandona igiya. Mun hau hafila, wato ƙaramar bas, mun hau raksha mai ƙafa uku, mun taka da ƙafa cikin rana har takalmin Kawu ya buɗe baki, amma ko sau ɗaya ban taɓa inji mai sanyi ba. Kada ku ce duk macuta ne. Wasu da zuciya ɗaya suke yi. A ganinsu rashin mutunci ne a nuna wa baƙo inji yana tari, kamar a fito da yaro gaban baƙi bai wanke fuska ba. Amma ko da wace zuciya aka yi, ni dai aikina ya lalace.

Na ce, "Kawu, gobe in mun isa, mu ce a'a."

Ya dube ni kamar na ce mu shiga masallaci da takalmi. "Mutum ya rantse da Allah a kan abincinsa, ka ce a'a? Wa ya rene ka?"

"'Yar'uwarka."

"To ba ta gama ba."

Wata rana muna dawowa ta hanyar bakin kogin Farin Nilu, kudu da Kalakla, na hango wata tarakta a ƙarƙashin bishiya, an rataya mata kwali alamar sayarwa. Irin da nake nema ce sak. Sai dai fentinta ya ƙone har ba ka iya cewa ja ce ko ruwan ƙasa, fitila ɗaya ta tsiyaye, mazauninta buhu ne aka naɗe. Na ce mu sauka. Kawu ya leƙa ta taga, ya ja rawaninsa. "Wannan ko kyauta aka ba ni, sai na yi shawara." Tela ne, da ido yake saye. Muka wuce.

Sai muka faɗa hannun Haj Babikir, a arewacin Omdurman. Mutum mai fara'a, mai faɗin hannu, in ya rungume ka sai ka ji haƙarƙarinka sun gaisa da juna. Taraktarsa ja ce wur, tana ƙyalli, har tayoyin an shafe su da mai. Kawu ya zagaya ta yana shafa fentin da bayan hannu yadda yake shafa yadi mai tsada. Na ga idonsa, na san mun shiga uku. Muka je gidan muka sake komawa, kowane zuwa tiren ya fi na baya nauyi, kowane zuwa kuma ina jin gub-gub-gub daga bayan gida tun ban wanke hannu ba. Fentin da ya yi sabo da yawa yana ba ni tsoro, domin na ga har kan tiyo da ƙusoshi ya hau, alamar an fesa ne don a rufe wani abu.

A hanyar dawowa Kawu ya ce, "Gobe zan ba shi hannu, a yi Fatiha."

"Kawu, ban ji ta da sanyi ba."

"Na ci gishirin mutumin nan har ya shiga jinina. Da wane baki zan ce masa ina zargin kayansa? Ga sanyi ya fara shigowa. Jiya saniyar nan mai farin goshi da ƙyar ta miƙe." Sannan ya ce a hankali, "Na gaji, Sale. Ina so in ga garma a cikin ƙasata kafin in mutu, shi ke nan."

Kun sani, a wurinmu in aka tafa hannu aka karanta Fatiha, ciniki ya ƙulle. Ko injin ya tarwatse a bakin ƙofa, naka ne.

Da yamma ina zaune a gida, Hajara ta kawo tuwo, na tsura masa ido. Sai dabara ta faɗo mini. A Ramadan ɗin da ya wuce zazzaɓi ya kwantar da ni na sha azumi na kwanaki, kuma tun daga lokacin Hajara take bina da maganar ramuwa ina ce mata sai sanyi ya shigo.

Na ce, "Hajara, gobe zan rama azumi. Na ɗauki niyya."

Ta ajiye ludayi, ta taɓa goshina. "Zazzaɓin ne ya dawo?"

"Tsoron Allah ne."

"Tsoron Allah da ya kwana wata da watanni bai iso ba? Faɗa mini gaskiya, wa ya mutu?"

Dalilin da ya sa sai ramuwa shi ne, azumin nafila mai gida yana iya rantsewa ya sa ka karya, har ya ce ladan yana wuyansa. Ramuwa kuwa bashin Ubangiji ce, babu mai rantsuwar da zai taɓa ta.

Washegari muka isa da wuri. Haj Babikir ya fito da hannuwa a buɗe. "Ya Haj Idris! Ya Usta! Tafaddalu, yau an yanka muku tantabaru."

Tantabaru. Ku ji fa. Duk zuwan da muka yi ba a yanka tantabaru ba sai ranar.

Na ce, "Ya Haj, ka yafe ni, ina azumi."

"Karya shi, ya zol, bawan Allah! Wallahi sai ka karya, ladan a kaina."

"Ramuwa ce."

Hannuwansa suka sauko. Kawu ya yi mini wani kallo ta gefen ido, domin ya san ni tun ina cin ƙasa, bai taɓa ganin na bar tire da raina ba. Na ce kada in zauna ina kallon masu ci in rage musu daɗi, bari in sami inuwa a waje. Kafin a ce wani abu na zagaya bayan gida.

Na ɗora tafin hannu a kan injin. Sanyi ƙalau, kamar randa. Wallahi na kusa yi masa sumba. Na zaro sandar gwajin mai, na ga baƙin man ya koma fari-fari kamar shayi da madara, alamar ruwa yana haɗuwa da mai a ciki. Na hau mazaunin na zauna, na harɗe hannu.

Ba a jima ba sai ga ƙanin Haj Babikir, Usman, ya zagayo da makulli a hannu ɗaya, gwangwanin fesawa a ɗayan, irin wanda ake fesa wa injin da ya ƙi tashi. Ya gan ni a sama kamar limami a mumbari. Ya tsaya.

"Ya Usta, ba ka shiga ciki ba?"

"Ina azumi. Kawo makullin in rage maka aiki. Gwangwanin kuma ajiye shi can."

Na murɗa. Injin ya yi gurnani kamar raƙumin da aka ɗora wa kaya. Na sake. Ya yi tari, ya yi atishawa, ya yi shiru. A karo na ban san nawa ba ya kama, sai hayaƙi ya turnuƙe, fari da shuɗi, har kajin gidan suka yi hijira, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar gidan wa ke ci da wuta. Na ɗaga garmar baya, ta hau tana rawar jiki, ta sauko da kanta tun ban saki hannu ba.

Cikin hayaƙin na hango Kawu da Haj Babikir sun fito, hannun kowa da maiƙon tantabara. Na kashe injin.

Na zata Haj Babikir zai yi faɗa. Sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya share hannu, ya yi dariyar gajiya. "Ya Usta, Allah ya saka maka. Ni ma haka aka sayar mini da ita. Rago aka yanka mini ranar." Ya juya wurin Kawu. "Ya Haj, ba ka ba ni hannu ba, babu komai tsakaninmu. Amma wallahi sai ka koma ka ƙarasa tantabarar nan."

Kuma Kawu ya koma ya ƙarasa! Ni ina waje a kan taya, ina shaƙar ƙanshi ta taga.

Muka hau raksha, muka kai gada. Sannan Kawu ya ce, "Ka kunyata ni a gidan mutum."

"Na sani, Kawu."

"Da ka bar ni na saya, da yanzu na gama." Ya juya fuska wajen kogi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mummunar nan ta hanyar Kalakla. Tana nan?"

Muka kama hanya da tsakar rana. Motar da muka hau ta tsaya a kowace kusurwa ta Khartum, har da wuraren da babu kowa, don dai direban ya tuna da su. Harshena ya bushe ya zama kamar tsohon bel ɗin inji. Muka isa bayan la'asar, ina ganin mutum ɗaya kamar biyu.

Mai taraktar wani dattijo ne, Baba Gambo, Bahaushe, manomin bakin kogi. Gwiwoyinsa sun gaza, 'ya'yansa sun tafi haƙar zinariya, babu mai hawa. Muka yi sallama, muka gaisa, na shirya jin "tafaddalu". Sai ya laluba aljihu ya miƙo mini makulli ɗaure da tsumma.

"Ku fara ganin abin da ya kawo ku. Ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, ku kori kazar da ke ƙarƙashinta. In kun gama ku zo mu ci abinci, ko kun saya ko ba ku saya ba."

Ƙura ta yi kauri a kan murfin injin har na rubuta sunana da yatsa. Na taɓa: sanyi. Baƙin mai baƙi ne, yadda Allah ya yi shi. Na murɗa sau ɗaya. Ta tashi kamar an kira sunanta, ɗan hayaƙi baƙi ya fita ya washe, sautin ya daidaita. Na ɗaga garma na bar ta a sama, na sauko na zagaya, na duba tayoyi, na leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, na dawo, garma tana inda na bar ta. Na shiga da ita gefen gonar Baba Gambo na tsaga layi ɗaya. Ƙasa ta buɗe baƙa, tana ƙanshi.

Kawu ya tako a hankali, da farin rawaninsa, ya durƙusa a bakin layin. Ya ɗebi ƙasar ya murza a tafin hannu, ya daɗe a haka. Da ya miƙe sai ya dubi taraktar sama da ƙasa.

"Amma fa mummuna ce, Sale."

"Kawu, ba ɗaurin aure muka zo ba."

Aka tafa, aka yi Fatiha. Sannan aka fito da tire: kifin kogi, an kama shi ranar, an soya shi da lemun tsami da barkono, ga kisra, siririyar gurasar dawa mai laushi. A duk yawon da muka yi ban ga abinci irinsa ba, kuma rana tana nan a sama ta ƙi faɗuwa, kamar an ɗaure ta da igiya. Baba Gambo ya ji ina azumi, ya sa aka rufe tiren, ya ce babu mai ci sai an kira magariba. Muka zauna mu uku muna gadin rana. Ban taɓa jin ladan mai daɗin murya kamar na ƙauyen nan ba.

An shuka barsim a kan lokaci. Saniya mai farin goshi ta miƙe har ta riƙa tunkuyi. Kawu ya ari keken ɗinki ya yi wa taraktar rigar mazauni da rumfa mai geza, ta zama kamar tsohuwa a gidan biki. Da yaƙi ya iso, aka wayi gari dole a bar wurin, ita ce ta ja tirela da iyalinsa da na maƙwabta biyu, shanu suna biye. Kawu ya gaya mini daga baya cewa ya murɗa makullin, sau ɗaya, ta tashi.

To, abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. Mutanenmu ba su iya barin baƙo da yunwa ba, ba su kuma iya cewa a'a a gaban tire ba, kuma ba na fatan mu daina ko ɗaya. Sai dai usta ba baƙo ba ne sai ya gama aiki. Ku lura da abin da mai kaya ya fara miƙo muku: in makulli ne, ku saki jiki, in kofi ne, ku gaishe shi da kyau, ku ce a ajiye muku, ku zagaya bayan gida. Wanda kuma ba zai iya ba, ya tambayi matarsa ko akwai sauran ramuwa a kansa. Ni tawa ta ƙare tuni, a kan taraktocin mutane na biya ta duka.